Wanda Ya Kira Malam Bello

Judith ta kusa shekara tana yawo a unguwannin kudancin Kaduna da tambaya ɗaya: su wane ne suka fita zanga-zangar watan Agusta, kuma me ya fitar da su daga gida? A kan haka take rubuta kundin digirinta na uku a fannin nazarin zamantakewa. Ta zauna da ɗalibai, da masu gyaran waya, da wata ma'aikaciyar jinya da ta fita da auduga da bandeji a jaka. Ta zauna da masu keke napep waɗanda suka ce ba su fito da niyya ba, hanya ce ta toshe, suka faka suka bi jama'a. Ta kuma nemi waɗanda suka ƙi fita, domin malamar da ke duba aikinta, Dakta Sadiya, ta gaya mata tun farko cewa wanda ya zauna a gida shi ma yana da amsar da ya kamata a ji.

A wannan ɓangaren, kudu da kogin Kaduna, waɗanda suka zauna a gida sun fi yawa. A Mahuta, inda iyayenta suke, kusan kowa abu ɗaya ya ce mata: ba tamu ba ce. Wasu an ja musu kunne a coci. Wasu sun ce sun taɓa ganin abin da taron jama'a ya rikiɗe ya zama a garin nan, ba sa son sake gani. 'Yan gidansu kuwa ba ta tambaye su ba, domin ƙa'idar aikin ta hana mutum yin hira da danginsa. Ba ta ma ga abin tambaya ba. Yayanta Ebenezer ɗan sanda ne, yana bakin aiki ranar. Ita tana Kafanchan wurin surukanta. Da ta kira gida, Mama ta ce Baba ya tafi gonarsa a Kakau, dokar hana fita ta rutsa da shi a can, kuma ya zame a kan kunya ya gurɗe ƙafa.

Wani matashin tela da ta yi hira da shi ne ya ce mata akwai dattijon da ya yi tattaki kusa da su, mai gyaran keken ɗinki a Makera. Ta je ranar wata Talata da hantsi.

Shagon Malam Bello ƙarami ne, kawunan kekuna jere a kan katako har kusa da rufi, ga warin man inji. Mutum ne siriri mai farin gemu, ya ɗaure tabarau da zare a bayan kai. Ya share mata benci da tsumma. Ta gaishe shi, ta ce sunanta Judith Bulus, da sunan mijinta kamar yadda ta saba, sannan ta yi masa bayanin da take yi wa kowa: za ta ɗauki muryarsa a waya, za ta sauya sunansa a rubutu, kuma in ban da malamar da ke duba aikinta, abin da ya faɗa ba za ta kai wa kowa ba, ko hukuma ko wani.

"Ko hukuma ko wani," in ji shi. "To, madalla. Kunna."

Ta tambaye shi yadda aka yi ya fita.

"Ni ban yi niyya ba," in ji Malam Bello. "'Ya'yana ma cewa na yi su zauna a gida. Na tsufa da wannan. Ana gobe za a fara, na idar da la'asar ke nan, sai waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Na ɗauka, na ji an ce, 'Bello Injiniya?' Tun da aka rufe masaƙa ba wanda ya sake kirana da wannan suna."

"A masaƙa kuka yi aiki?"

"A nan Kakuri. Ni ina wajen injuna, shi yana sashen rini. Lokacin ƙungiyar ƙwadago na da ƙarfi, duk fitar da aka yi tare muke, kafaɗa da kafaɗa. Daga baya rikici ya zo, kowa ya koma cikin nasa, masaƙa ta mutu, muka ɓace wa juna. Fiye da shekara ashirin ban ji muryarsa ba. Sai ga shi yana cewa, 'Gobe zan fita. Za ka raka ni?' Na ce, 'Shekari, kana da hankali kuwa?'"

Judith ta ɗago kai daga wayar.

"Mutumin Zonkwa ne," in ji Malam Bello, yana goge wani ƙaramin ƙarfe da tsumma. "Dogo. Farcensa kullum shuɗi ne saboda rini, ko ranar Lahadi."

Ta san farcen nan. Tana ƙarama ta sha riƙe yatsun a hanyar coci tana tambaya ko ba sa wankuwa. Ta san ya kamata ta kashe wayar nan take, amma hannunta bai motsa ba, shi kuma ya ci gaba.

"Da safe sai ga shi a ƙofar shagon nan da hula da gorar ruwa. Muka bi yara muka nufi gada. Da farko lafiya ƙalau, ana waƙa, ana ɗaga kwalaye. Can gaba wasu suka fara jifa, aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka juyo da gudu. Mu kuwa ina ƙafar gudu? Aka ture shi ya faɗa kwata, ƙafa ta gurɗe. Ni da wasu samari biyu muka ɗauko shi muka kawo gidana. Kafin la'asar aka sa dokar hana fita. Sai da aka sassauta ya koma gida. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, don ɗansa ɗan sanda ne, ba ya son ya ja masa matsala a wurin aiki. Ke ma don kin ce za ki sauya suna ne na faɗa."

Judith ta kashe rikodar, ta kifa wayar a cinyarta.

"Malam, ka gafarce ni. Ya kamata in tsayar da kai tun ɗazu. Bulus sunan mijina ne. Shekari mahaifina ne."

Malam Bello ya ajiye ƙarfen. Ya cire tabarau ya dube ta. A waje wani mai kura yana neman a ba shi hanya.

"Ke ce wadda aka haifa shekarar da muka yi dogon yajin aiki?"

"Haka aka gaya mini."

"Alewa ya raba mana a bakin get." Ya mayar da tabarau. "To, na ci amanarsa."

"Ba ka sani ba ne, Malam. Ni ce ban faɗi sunan gidanmu ba. Alkawarin da na yi maka yana nan. Ba zai ji daga bakina ba, ba wanda zai ji."

"Wannan naki alkawarin ne," in ji shi. "Ni ma ina da nawa, kuma na karya. Ki bar ni in yi tunani."

Ya ƙi barinta ta tafi sai da aka kawo mata kunun zaƙi daga cikin gida. Ta sha rabi don kada ta ɓata masa rai.

Washegari ta je ofishin Dakta Sadiya ta faɗa mata komai, har da jinkirin da ta yi kafin ta kashe wayar. Dakta Sadiya mace ce mai ƙarancin magana. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

"Hirar nan ba za ta shiga aikinki ba," in ji ta. "Ki ware ta gefe, kada ki rubuta ta. Jinkirin da kika yi kuskure ne, amma kin gaya masa gaskiya a wurin, wannan ya rage. Abu na biyu, ba za ki tambayi mahaifinki ba. Ko da wasa, ko ta bayan fage. Abin da kika ji a shagon nan na Malam Bello ne, aro ya ba ki."

"Ranar Lahadi zan ci abinci da shi, Dakta."

"Na sani. Wannan ɓangaren ba ni da abin da zan koya miki."

Judith ta tashi za ta fita, sai Dakta Sadiya ta ƙara da cewa, "Kin lura dai Malam Bello ma ba rediyo ya fitar da shi ba, ba kuma saƙon da ake turawa a waya ba. Wani da ya sani ne ya ce ya raka shi."

"Na lura."

"Kin riga kin ji irin wannan daga mutane da yawa. Ba ki rasa komai ba don kin ajiye wannan."

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci suka haɗu a Mahuta kamar yadda suka saba. Mama ta yi faten acca da yakuwa. Ebenezer ya zo sanye da kayan gida, ba kakin aiki ba, ya baje a kujera yana ci da babban cokali. Baba Shekari yana gefen taga inda yake zama kullum, ya miƙe ƙafar dama a kan ƙaramar kujera. Judith ta gaishe shi ta zauna nesa kaɗan. Ta ga tana kallon ƙafar, ta ɗauke ido.

"Farfesa," in ji Ebenezer, haka yake kiranta in yana son tsokana, "har yanzu kina bin 'yan zanga-zangar nan gida-gida?"

"Na kusa gamawa, Yaya."

"Ki rubuta cewa mu ma mun sha wuya. Tun safe muke tsaye a rana, ko ruwa babu. Wani abokin aikina dutse ya fasa masa goshi a gabana. Gaskiya na ji tsoro ranar, ba zan ɓoye ba. Kuma abin da suke faɗa, ai ni ma a kasuwa ɗaya nake sayen shinkafa da su." Ya kai loma. "Abin da ya fi ba ni mamaki tsofaffi. Na ga wata tsohuwa da sanda a gaba-gaba. Na ce, Mama, ina 'ya'yanki suke suka bar ki kika fito?"

"Me ta ce?" in ji Mama daga ƙofar kicin.

"Ta ce 'ya'yanta ne a bayanta."

Baba Shekari ya ci gaba da cin abincinsa a hankali. Bai ɗago ba. Judith ta ture kwanon faten gefe, ta tashi ta ce za ta ɗebo ruwa. A kicin ta tsaya tana wanke kofin da yake a wanke. Mama ta dube ta ta gefen ido, ta ce ko gishiri ya yi yawa ne. Ta ce a'a.

Ta koma gida ranar ba ta ce komai ba, ko ga mijinta. Satin ya yi mata nauyi. Tana sauraron muryoyin wasu mutane tana rubutawa, amma hankalinta yana kan dattijo dogo kwance a kwata, jama'a na tsallake shi. Wani lokaci haushi take ji, cewa ya bar ta tana yawon rana tana tambayar baƙi abin da shi ya yi. Wani lokaci kuma sai ta ji tana son ta kira shi kawai ta ji muryarsa.

Shi ya kira, ranar Juma'a. Ya ce in motar Bulus tana nan, ta zo gobe ta kai shi Kakau, wake ya isa roro kuma ƙafar ba ta son hawa bas.

A hanya hirar kuɗin taki da ramukan titi suka yi. Gonar tana bayan gari, an bi ta wata 'yar hanya mai jar ƙasa. Ya ba ta buhu, ya ɗauki ɗaya, suka shiga kunya biyu da ke kusa da juna. Sun yi nisa suna roro kafin ya yi magana, bai kuma juyo ba.

"Bello ya kira ni."

Judith ta tsaya da kwanson wake a hannu.

"Ya ce ya yi mini laifi, in yafe masa. Na ce ba laifi. Ya ce kin yi masa alkawari ba za ki faɗa ba. Ranar Lahadi ina kallonki, ina jira in ga ko za ki iya."

"Tun kafin Lahadi ya kira ka?"

"Tun ranar da kika je."

"Baba, ka bar ni na zauna ina shaƙewa da fate."

Ya yi 'yar dariya, ya zuba wake a buhu. "Na ga kin iya. Da kin faɗa, da na san aikin naki wasa ne."

Suka koma ƙarƙashin bishiyar mangwaro a bakin gona suka zauna. Ta ce masa ba da sunan bincike take tambaya ba, babu waya, babu rubutu. Tana so ta sani ne kawai.

"Tun ina saurayi nake jefa ƙuri'a," in ji shi. "Har lokacin da ake yin layi a bayan hoton ɗan takara na yi. Ba zaɓen da ya wuce ni. Ruwa ya dake ni a layi, rana ta dake ni. Amma na lura in an gama ƙirga, shi ke nan, ba mai sake tambayata sai wani zaɓen ya zagayo. Da na ji yara sun ce za su fita su gaya wa waɗanda muka zaɓa cewa abin bai yi ba, sai na ga ai magana ce da ni ya kamata in faɗa. Ni na zaɓe su. Yaran nan da yawa ko katin zaɓe ba su da shi."

"A coci an ce a zauna a gida."

"An ce. Kuma na san dalili, ban raina shi ba. Ni na kwashe ku daga Unguwar Sanusi a bayan motar itace lokacin rikicin, ba labari aka ba ni ba. Shi ya sa ban ce wa kowa a Mahuta mu je ba. Wa zan ce wa? Za su ce tsufa ya taɓa ni. Kuma ba zan iya fita ni kaɗai ba, Judith. Na gwada a zuciyata, na ga ba zan iya ba. Duk fitar da na taɓa yi a rayuwata Bello yana hannun haguna. Lambarsa na wurina tun wata jana'iza da na haɗu da wani tsohon ma'aikacinmu. Na daɗe ina kallonta ban kira ba, don ban san abin da zan ce masa ba bayan shekarun nan. Ranar sai na samu abin cewa."

"Da ya ƙi fa?"

"Da na zauna a gida na kunna rediyo."

Ya ba ta labarin kwanakin da ya yi a gidan Malam Bello. A zaure aka yi masa shimfiɗa. Matar Bello, Hajiya Asabe, ta aika aka kira mai ɗori ta bayan gida, ya ja ƙafar har ya ga taurari. Ya ce tun rikicin da ya raba garin bai sake kwana a unguwar Musulmi ba, kuma ba zai yi ƙarya ba, da farko duk motsin da ya ji a waje sai gabansa ya faɗi. Bello ya gane, ya ɗauko tabarmarsa ya dawo zauren. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna yi masa sannu, wani har da kawo ƙosai.

"Abin da ya ɓata mini rai," in ji shi, "na ga yara suna fasa shagon wani suna kwasar kaya. Ba don wannan na fito ba. Na yi musu magana, ko kallona ba su yi ba. Amma ban yi da-na-sanin fita ba."

"Mama fa? Ita ta ce mini kana nan gona."

"Hajiya Asabe ta kira ta tun ranar. Ta yi mini faɗa a waya har sai da Bello ya fita ya ba mu wuri. Maganar gona ita ta ƙirƙiro, saboda Ebenezer."

Judith ta ci gaba da ɓare kwanson wake, ƙwayoyin na zuba a zaninta.

"Ya kamata ya sani, Baba. Ba daga wurina ba."

"Na sani. Tun da ya yi maganar tsohuwar nan nake tunani. Ba na son ya ji a bakin wani."

Lahadin da ta biyo baya, bayan an kwashe kwanuka, Baba Shekari ya ce Ebenezer ya rage ƙarar talabijin. Ya faɗa masa a taƙaice, ba kwana-kwana: ba a gona ya ji ciwo ba, zanga-zanga ya fita, tare da wani tsohon abokinsa na masaƙa, kuma a gidan mutumin ya yi jinya.

Ebenezer ya dubi mahaifinsa, ya dubi Mama, ya dubi Judith.

"Duk kun sani?"

"Ni kwanan nan na sani," in ji Judith.

Ya tashi ya fita tsakar gida. Suna jin sa ya jawo bokiti ya fara wanke babur ɗinsa, wanda ya wanke da safe kafin coci. Mama ta yunƙura za ta bi shi, Baba ya ce ta bar shi. Da ya dawo hannunsa a jiƙe, bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ta ina kuka bi?"

Baba ya faɗa masa, daga Makera har inda aka juyo da su, kafin a kai gada.

"Ni ina ɗaya ƙarshen gadar," in ji Ebenezer. "Da kun ƙara gaba kaɗan da mun haɗu."

"Da ka gan ni me za ka yi?"

"Ban sani ba, Baba. Da gaske ban sani ba." Ya goge hannu a wando. "Mutane sun mutu a irin wannan gudun. Da an tattake ka fa? Ina can ina tsaron titi, mahaifina yana kwata, ni ban sani ba. Kuma kuka bar ni ina zuwa ina tambayar yaya ƙafa, ina cewa a daina zuwa gona da silifas."

"Don aikinka muka ɓoye," in ji Mama.

"Aikina nawa ne, Mama. Da kun bar ni na ji da shi."

Ya ɗauki makullinsa ya tafi ba tare da ya tsaya shan shayin da Mama ta ɗora ba. Satin da ya biyo baya bai zo ba, ya ce yana bakin aiki. Mama ta damu, Baba ya ce a ba shi lokaci.

A ɓangaren aiki kuwa, Dakta Sadiya ta samo mafita. Akwai wani ɗalibinta, Jamilu, da ke rubutu a kan tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Ta ce in dattawan biyu sun yarda, shi zai yi hira da su daga farko, don nasa aikin, Judith ba za ta saurara ba. Malam Bello ya yarda da sharaɗin Shekari ya fara yarda. Shekari ya ce ya yarda in za a bar shi ya faɗi maganar fasa shago, kada a cire. Judith ta goge hirar farko daga wayarta a gaban Dakta Sadiya.

Wata ranar Asabar tana gida tana fama da babi na huɗu, sai ga kiran Ebenezer.

"Na kai Baba Makera," in ji shi.

"Kai da kanka?"

"Na ce ina so in ga mutumin in yi masa godiya. Da kayan gida na je. Na sayi lemo da atamfa don matarsa."

"Yaya ya karɓe ka?"

"Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa ashe ni ne. Na ce masa na gode da abin da ya yi wa mahaifina. Ya ce in daina, in zo in sauke masa wani kan keke daga sama, bayansa ba ya bari. Na sauke. Yanzu rigata duk baƙin mai." Ya ja numfashi. "Ya nuna mini zauren. Ɗan ƙarami ne, Judi. Ban san yadda Baba ya miƙe ƙafa a ciki ba."

"Kun yi maganar ranar?"

"Kaɗan. Ya tambaye ni ko an ba mu abinci a bakin gadar. Na ce sai yamma. Ya ce Allah ya kyauta. Daga nan suka koma gardamar wane manaja ne ya kawo sababbin injuna, Baba na cewa Ba'indiye, shi yana cewa ɗan Sin. Na zauna na gaji, na ce Baba mu tafi. Ya ce in je in dawo."

"Har yanzu kana fushi?"

"Ina yi. Amma zan koma in ɗauko shi kafin magariba."

Daga lokacin Baba Shekari ya riƙa hawa keke napep zuwa Makera duk sanda ya ga dama, yawanci ranar Talata. Yakan zauna a bencin shagon yana miƙa wa Malam Bello sukurdireba, suna musu. Mama ta yi ƙorafin cewa sauran waken Kakau ya bushe a gona har ya fara fashewa, sai da ta sa aka nemo masu roro. Ebenezer ya dawo cin abincin Lahadi, amma ya daina maganar zanga-zanga a tebur, kuma ba wanda ya tayar da ita.

Judith ta miƙa babi na huɗu a makare. Dakta Sadiya ta dawo mata da shi da jan biro a kusan kowane shafi, ta ce ta sake zama da mata 'yan kasuwa, muryarsu ta yi ƙaranci a ciki. Ranar Litinin ta ɗauki jakarta ta nufi kasuwar Kakuri, inda wata mai sayar da busasshen kifi ta ce za ta ba ta lokaci in ciniki ya lafa.